Sai Mavis Ta Ba Da Izini

Ballarat, 9 ga Yuni, 1986

Gavin nawa,

Ina gaishe ka, gaisuwar wadda ta fara gajiya da gaida mijinta a takarda. Da fatan kana lafiya. Ka ce ku yanzu ne rana ta yi muku sauƙi a can sansanin haƙar ƙarfe. To mu nan rabonmu da ganinta sosai yau kwana goma sha ɗaya. Ni lafiya lau, mura ce ta zo ta wuce. Babanka ma da sauƙi. Tarin ya ragu, ƙugun da ya bugu a faɗuwar watan Afrilu ya daina hana shi juyi, har ya ajiye sanda ɗaya yana tafiya da ɗaya.

Likita ya zo ranar Talata. Ya ce ƙashi ya kama, amma kada ya kuskura ya hau keke sai ƙanƙara ta daina kwana a kan titi. Baba ya ce masa, "Likita, ina kan keke tun kafin a yanke maka cibi." Likita ya yi dariya ya ce shekara saba'in da shida ba ruwanta da wannan tarihin. Bayan ya tafi Baba ya yi ta ƙunƙuni har yamma.

Ga yadda yake kashe yini. Ya sha shayi da gasasshen burodi, ya ɗora rigar sanyi a kan rigar sanyi, ya nufi rumfar bayan gida. Keken yana can a kife, ƙafafu sama. Sai ya zauna a kan akwati ya riƙa juya feda da hannu, yana sauraron sarƙa yadda wasu ke sauraron rediyo. Ya ɗiga mai, ya goge, ya sake ɗigawa. A gefe ya tara tsofaffin jaridu, wai su yake cusawa a ƙirji cikin riga idan zai gangaro tudu, saboda iska. Na ɗauki ɗaya zan hura wuta, sai na ji, "Ke 'yar tsibiri, da wanne daga cikin kawunan naki kika yi wannan tunanin?" Har yau bai gaji da tsokanar nan ba, wai mu mutanen tsibirin Tasmania kai biyu gare mu. Na ce masa ɗayan na baro shi wajen Mama yana taya ta hira. Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.

Amma ga abin da ya sa na ɗauki biro. Kullum kafin ya tafi rumfa sai ya tsaya a tagar kicin, ya ƙura wa hanyar gada ido, wadda ka san ita ce ta wuce maƙabarta. Shekaranjiya na ce, "Baba, yaushe kake ganin za ka fita?" Bai ko juyo ba. Ya ce, "Ba likita ne zai faɗa mini ba. Mavis ce za ta faɗa. Ba ta fara ba tukuna."

Gavin, ka ji fa! Shekara shida da rasuwar mahaifiyarka, amma har yau ita yake jira ta ba shi izinin fita! Littafin da nake karantawa yanzu akwai wani tsohon matuƙin jirgin ruwa da yake ajiye wa marigayiyar matarsa kujera a bakin murhu, na ɗauka a takarda kaɗai ake samun irinsu. Ashe da irinsu nake shan shayi kowace safiya. Ban ƙara tambayarsa komai ba. Irin wannan abu idan aka taɓa shi da tambaya lalacewa yake yi.

Kai fa, in na mutu za ka jira izinina kafin ka fita? Kada ma ka amsa, na san cewa za ka yi in rage karanta shirme.

Na haɗo maka biskit da na gasa da kaina. In ya iso a farfashe ka ci da cokali.

Taka,
Narelle

Ballarat, 21 ga Yuni

Gavin,

Gaisuwa da kewa. Na san jirgin wasiƙu sau ɗaya yake sauka wajenku a kwana goma, amma duk da haka sau biyu nake leƙa akwatin ƙofar gida kullum. Muna lafiya. Ranar Laraba dusar ƙanƙara ta ɗan zubo, ba ta kai tsakar rana ba ta narke ta bar mu da taɓo. Famfon waje ya daskare, sai da na zuba masa ruwan zafi.

Baba yana cin abinci sosai, musamman in na gasa naman rago da dankali. Sau biyu dai ya bar buta a kan wuta har ruwan ya ƙone, amma ni ma na taɓa yin haka ina tsakiyar babi mai daɗi, don haka ban ce komai ba.

Ka tuna zancen da na yi maka? To ya ƙaru. Jiya na same shi a rumfa yana yanyanka tsohuwar wayar birki gutsi-gutsi, kowanne tsawon yatsa. Ya dogara sanda ya je ya jera su a kan ginshiƙin shingen ƙofar gida. Na ce na mene ne. Ya ce, "Na Mavis ne. Ta fi son mai laushi. Ranar da kika ga babu su, to ta fara shiri." Sannan ya kai hannu bayan kunnensa na dama ya ce bara, ranar farko da ya fita bayan sanyi, a nan ta taɓa shi, daidai wajen gada, kuma duk shekarar bai yi farin ciki irin na ranar ba.

Na shiga ɗaki na yi kuka, amma mai daɗi. Wasu mazan furanni suke kai wa kabari. Shi ba shi da abin da yake so kamar kekensa, shi ya sa yake gutsuro mata daga jikinsa. Ban taɓa ganin mahaifiyarka ba sai a hoton falo, amma yanzu ji nake kamar mu uku ne a gidan, kuma hakan ya rage mini kaɗaici.

Ka rubuto, ko layi biyu ne.

Narelle

Sansanin haƙar ƙarfe, arewa da Newman, 2 ga Yuli

Relle,

Ina lafiya, da fatan ku ma haka. Biskit ya iso gari, mun zuba shi a shayi ni da mutanen ɗakinmu, sun ce a gode miki. Takardunki biyu rana ɗaya suka zo. Na karanta su a tsaye, na sake karantawa a zaune.

Ki ajiye littattafan nan ki saurare ni. Wannan ba soyayya ba ce. Ni na ɗauki akwatin gawar Mama a kafaɗata. Mutumin da yake ajiye wa matacciya guntayen waya, yana cewa ta taɓa shi a hanya, yana barin buta a wuta, ba lafiya gare shi ba. Ba ki san labarin kakana ba, mahaifin Baba. Haka ya fara, da hira da 'yan'uwansa da suka mutu a yaƙi. Wata safiya a irin wannan watan ya fita ba rigar kirki, wai suna kiransa. Sai bayan kwana biyu aka same shi a bakin madatsar ruwa. Shekarata tara lokacin. Baba ne ya gano gawar, yana yawon nema a kan keken nan.

Kin ce jira yake ta ce masa ya fita. To idan ta ce masa gobe da sassafe, titi duk ƙanƙara fa? Wa zai tare shi, ke?

Ga abin da za ki yi. Ki kwance ƙafar gaba ta keken. Noti biyu ne kawai, sufana mai lamba goma sha biyar tana rataye a bayan ƙofar rumfa. Ki ɓoye ƙafar inda ba zai iya durƙusawa ya ɗauko ba. In ya yi faɗa ki ce ni na sa ki. Na rubuta wa yayata Denise, za ta zo daga Melbourne ta gan shi da idonta. Ni ba za su sake ni ba sai Oktoba, na tambaya har sau biyu.

Kada ki ji haushina. Na san na kawo ki gidan da ba ki sani ba, wata uku da aure na bar ki da tsoho da sanyi. Amsar tambayarki kuwa, in kin mutu ba inda za ni, balle in nemi izini.

Gavin

Ballarat, 22 ga Yuli

Gavin,

Na gaishe ka. Jikinmu lafiya, in jiki kake tambaya.

Na yi abin da ka ce, ranar Asabar ta sama, yana barcin rana. Notin dama ya ƙi, sai da na taka sufanar da ƙafa, na fasa farce. Na naɗe ƙafar keken a bargo na tura ta can ƙuryar ƙarƙashin gadonmu, bayan kwalin littattafaina. Yanzu a kanta nake kwana.

Washegari ya sha shayi, ya tsaya a taga, ya tafi rumfa. Bai yi minti biyu ba ya dawo. Ya same ni ina wanke kofin da na riga na wanke.

"Ɓarawo ya shigo mana," ya ce. "Ɓarawo mai tarbiyya, ya mayar da sufana inda ya ɗauke ta. Sai dai a juye ya rataye ta."

Na ce, "Baba, Gavin ne ya ce. Don kada ka..."

"Gavin." Ya ja kujera ya zauna. "Yaro yana nisan kwana biyar a mota, amma hannunsa ya iso rumfata. Ashe aron hannu ya yi."

Na ce za mu mayar da ita da zarar sanyi ya karye. Na ce faɗuwa muke ji masa tsoro. Na kasa ambaton sunan mahaifiyarka, na kasa ce masa muna zargin kansa ya fara taɓuwa. Ya dube ni ya ce, "Na gode da shayi, Misis Pascoe."

Tun ranar haka yake kirana, da sunan aurena, kamar baƙuwa. Babu 'yar tsibiri, babu kai biyu. Bai yi faɗa ba, bai bincika ko'ina ba. Da na roƙe shi ya ce wani abu, ko zagi ne, cewa ya yi shi ba zai yi bara a kan ƙafar kekensa a cikin gidansa ba. Ya daina zuwa rumfa. Yini yake a kujerar falo da bargo a gwiwa, rediyo a kashe. Rabin abincinsa dawowa yake, har naman ragon.

A littattafaina idan aka yi wa mutum abu don amfaninsa, kafin babi biyu ya gane, ya zo yana godiya. Yau kwana goma ban ga alamar babin ba. Karatun ma na kasa. Na buɗe shafi in ga haruffa, amma kunnena yana rumfa yana jiran ƙarar sarƙa.

Tsayuwar taga ce kaɗai bai bari ba. Guntayen wayar suna nan a kan ginshiƙi, sun fara tsatsa.

Gavin, ka tabbata?

Narelle

Ballarat, 3 ga Agusta

Gavin,

Ina gaisuwa. Ban ga amsar takardata ba. Allah ya sa lafiya. Baba ya rame, bel ɗinsa ya ƙara rami ɗaya. Ni ina nan.

Denise ta zo jiya da kek na kanti da jaka cike da takardu. Ta sumbace shi a goshi, ta riƙa yi masa magana da ƙarfi kuma a rarrabe, sai ka ce kurma.

"Baba, ka san wace rana ce yau?"

"Ranar da kika tuna hanyar Ballarat."

"Shekararka nawa?"

"Ki cire naki a ciki. Abin da ya rage su ne masu daɗin."

Na kusa sheƙewa da dariya, na toshe baki da tsumma. Amma ita ba ta yi ba. Ta gyara zama ta ce, "Baba, ina Mama take?"

Ya ce, "Layi na huɗu daga ƙofa, kusa da famfo. Da kina zuwa da ba ki tambaya ba."

"To wace Mavis ce kake ajiye wa waya a kan shinge?"

Nan ya juyo ya dube ni. Ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Sai a lokacin ya gane ta bakin wa zancen ya fita. "Ashe har takarda na shiga," ya ce. "To ki tambayi marubuciyar, ita ta san yadda labarin zai ƙare." Daga nan ya rufe baki, duk yadda Denise ta juya tambayar.

Ta samo masa wuri a wani gidan kula da tsofaffi kusa da unguwarsu, ɗaki zai samu ranar ɗaya ga Satumba. Ta zo da shirin rigima, har ta haddace abin da za ta ce. Shi kuwa tambaya ɗaya ya yi.

"Akwai taga?"

"Akwai, Baba, babba ma."

"To kawo biro. In babu keke, duk inda aka ajiye ni ɗaya ne."

Ya sa hannu a kwafi biyu. Ta tafi da ɗaya, ɗayan yana kan firij, ba wanda ya taɓa shi.

Sai yau da safe na fita duba akwatin wasiƙu, na ga ginshiƙi wayam. Babu ko guda. Na durƙusa na lalube ciyawa, ban samu ba. Na shigo na faɗa masa. Gavin, da ka ga fuskarsa! Ya miƙe ba sanda, ya yi taku biyu zuwa ƙofar baya, hanyar rumfa. Sai ya tsaya. Ya dawo ya zauna, ya ja bargo. "Ta fara shiri," ya ce. "Ba komai."

Wa ya kwashe su? Kuma mutumin da ya ba Denise waɗannan amsoshin, shi ne mai taɓin kai? Amma fa ranar Alhamis sau uku yana tambayata ko na rufe kaji, alhali kai ka ce mini tun kafin bikinmu aka rabu da kajin. Kaina ya ɗaure. Ka yi magana.

Narelle

Sansani, 14 ga Agusta

Relle,

Lafiya lau, sai yatsa da ƙarfe ya matse, shi ya sa rubutun ya karkace. Takardarki ta Yuli ta yi mako biyu a aljihun wani direba, tare suka zo da ta Agusta. Denise ma ta rubuto.

Zancen waya, iska ce ko wani mai wucewa. Don Allah kada ki ƙulla wani sabon labari a kai.

Tunda shi da kansa ya sa hannu, a bar shi haka. Denise za ta zo da mota ranar ɗaya ga wata. Ki haɗa masa kaya, kada ki manta hoton falo.

Kada ki ɗauka daɗi nake ji. Ko a bakin aiki ina tuna yadda yake ɗora ni a sandar keken ya kai ni makaranta, jarida a ƙirjinsa, jarida a nawa. Shekaranjiya har shugaban aiki ya daka mini tsawa, wai hankalina ba ya jikina. Amma gara ya yi fushi da ni yana raye. Na ga yadda aka shigo da kakana, ke ba ki gani ba.

Ki riƙe ƙafar har ya tafi. Bayan nan ki ba wani keken, kada in dawo in same shi a kife.

Gavin

Ballarat, 29 ga Agusta

Gavin,

Gaisuwa mai yawa. Allah ya ba yatsa sauƙi. Baba yana nan. Ni kunnena na dama a ɗaure yake da bandeji, in ka karanta za ka ji dalili. Ban bi maganarka ba, gara in faɗa tun daga sama.

Ranar Laraba rana ta fito da ɗuminta, kwana na biyar ke nan ban ga ƙanƙara a gilashin taga ba. Ina cikin haɗa masa kaya sai na hango shi ya sa hula, ya ɗauki sanda, ya kama hanyar gada. Kakanka ya faɗo mini a rai, na bi shi da silifas. Bai je maƙabarta ba. A gindin babbar bishiyar turaren nan ta bakin gada ya tsaya, ya cire hula, ya yi ta kai da komo a ƙarƙashinta yana sunkuyar da ƙeya.

Na ce, "Baba, don Allah wa kake jira?" Wata biyu da rabi, sai ranar na yi tambayar.

Ya nuna sama da sanda. Sheƙa ce a kan reshe, rabinta tsinke, rabinta wayar birki. A gefe ga tsuntsun magfai, baƙi da fari, ya karkata kai yana hararar mu da jan ido.

"Ga Mavis," ya ce. "Namiji ne ma, matarsa na cikin sheƙa. Amma halin uwarsu Gavin ne sak."

Ya ce shekarar da mahaifiyarka ta rasu wata biyar ya yi bai taɓa keke ba. Ranar da ya fara fita, yana isowa nan sai tsuntsun ya faɗo ta baya ya sare shi a bayan kunnen dama, daidai inda take maka masa tsumman kicin idan ta kama shi zai sulale da keke ranar Lahadi maimakon coci. Ya ce a kan gada ya sauka ya yi dariya, ya yi kuka, ya raɗa masa suna. Tun daga nan shi ne agogonsa. Tsuntsun ba ya fara sara sai da 'ya'ya a sheƙa, kuma kafin lokacin ƙanƙara ta gama. "Shekara shida bai taɓa yi mini ƙarya ba," ya ce.

Na ce, "To me ya sa bai sare ka ba yanzu?"

"Ba ruwansa da mai tafiya a ƙasa. Masu keke kaɗai ya tsana." Ya mayar da hula. "Ban san ko ya fara ba, ba kuma zan sani ba. Mu je gida, Misis Pascoe."

Yanzu ga nawa laifin. A tsibirinmu magfai waƙa kawai yake yi, ba ya dukan kowa. Na sha jin labarin na nan, ban taɓa gani ba. Amma ba wannan ba ne. Baba bai ce ta taɓa shi ba. Cewa ya yi ta fasa masa kunne. Ni na gyara, don taɓawa ta fi daɗi a takarda. Kuma ranar da yake yanka wayar, a kansa akwai robar askirim da ya zana wa manyan idanu biyu a ƙeya, yana gwada ta, irin wadda masu keke ke kifawa a kai don tsuntsun ya ɗauka ana kallonsa ya fasa sara. Na bar ta a waje saboda tana ɓata mini labari. Da na rubuta wannan layi ɗaya, kai da ka tashi a garin nan, da dariya za ka yi tun a watan Yuli.

Jiya da safe na jawo ƙafar daga ƙarƙashin gado, na kai rumfa, na ɗaura. Yana tsaye a taga, sai da na ajiye sufana ya ƙwanƙwasa gilashi, ya nuna mini da hannu in ƙara matsewa. Na sauke sirdi na hau. Rabona da keke tun ina 'yar makaranta, tangaɗi na riƙa yi har gada. Na wuce ƙarƙashin bishiyar, shiru. Na juyo na sake bi. Sai na ji fuu a bayana, bakin tsuntsu ya yi ƙas, sannan wani abu kamar jifan dutse. Na kurma ihu, saura kaɗan in faɗa kwata.

Na dawo jini a wuyan riga, na same shi a ƙofar gida, ba sanda. Ya kama haɓata ya juya kaina ya duba.

"Kunnen dama," ya ce. "Surukarki ta gaishe ki." Ya ciro hankici ya danna mini. "Kai biyu gare ki, 'yar tsibiri, amma ko ɗaya ba ki sa wa roba ba."

Nan na fashe da kuka, ba irin na littafi ba, mai majina.

Na buga wa likita waya. Ya ce in titi a bushe yake, kuma ba zai wuce bakin tafki ba, shi ya cika alkawarinsa. Yau da ƙarfe goma Baba ya fito da keken. Sau uku yana ɗaga ƙafa kafin ta haye sirdi, ya hana ni taimaka masa. Ya nemi jaridunsa, na ce na hura wuta da su tun watan jiya. Sai ya koma kicin ya ɗauko takardun kan firij, ya ninke su biyu, ya cusa a ƙirji. "Takarda ce mai kauri," ya ce. "Za ta tare iska."

A hankali ya tafi, fiye da yadda na zata, kan keken yana rawa. Roba a kansa, idanun da ya zana suna kallona har ya yi nisa. Da ya kusa gada sai na ga ya cire ta ya rataye a hannun keke. Wani abu baƙi da fari ya faɗo daga bishiya. Daga ƙofar gida na jiyo muryarsa, ban iya rabe zagi ne ko dariya ba.

Minti arba'in ya yi. Ya dawo yana tari, don gajiya ko kofi ya kasa riƙewa, amma ya cinye abincinsa tas. Ɗazu kuma ya sake tambayata kaji. Don haka ban sani ba, Gavin. Wataƙila baɗi Denise ce za ta yi gaskiya, wataƙila kafin baɗi. Wataƙila wata rana in tsaya a ƙofar nan minti arba'in su wuce, awa ta wuce, kuma ni ce na ɗaure notin. Na rubuta maka duka, har wanda ba shi da daɗi, ban gyara ko kalma ba.

Ranar Litinin za ta zo da mota da ɗaya kwafin. Na kwance kayan da na haɗa, na mayar da hoton falo. A ƙofa za ta same mu, ni da shi. Na so in san ɓangaren da kake, amma takardarka ba za ta iso ba kafin nan.

Ya ce in bar masa wuri a ƙasan takardar nan.

Taka, da kunne ɗaya da rabi,
Narelle

Gavin,

Matarka ta fi ka iya ɗaure noti. Na san babu kaji, bakina ne ya saba. Ni na sauko da kakanka daga bakin ruwa, ba sai an tuna mini ba. Ranar da na fara jin ana kirana, da hannuna zan kwance ƙafar in miƙa maka. Ba yau ba.

In za ka zo a Oktoba ka taho da roba. Mavis ba ta san ka ba tukuna.

Babanka